Mai Shayar da Ganga

Jiya da la'asar na ji ɗayanku yana cewa wai sayar da mai ba sana'a ba ce, zama ne da mazurari. Ka samu tebur, ka jera kwalabe, mai moto, wato babur, ya tsaya ka tuttula masa, shi ke nan an tashi aiki. Ban tanka ba, domin bakina cike yake da goro. Kuma ba maganar ce ta dame ni ba. Mai maganar ya ɗora butar alwalarsa a kan gangata tana ɗiga, shi kuma ya jingina da gangar kamar tare muka saya. Na ce ya sauke butar. Ya sauke yana wani murmushi, irin wanda ake yi wa tsoho idan an ga kansa ya fara kwancewa. To yau tunda kun taru kuna shan inuwar rumfata kyauta, sai ku biya da kunnuwanku.

Ku kuna tsammanin babban abokin gaban mai sayar da mai wuta ce, ko ƴan duwan, wato kwastan. Wuta kowa yana tsoronta, kuma in za ta zo da ihu take zuwa. Ƴan duwan kuwa mutane ne, ana gaisawa. Abin da ke kashe mai wannan sana'a ruwa ne. Shi ba ya sallama. Ya fi mai nauyi, saboda haka sai ya sulale ya kwanta a ƙasa ya yi lamo, ba ka ganinsa, ba ka jin warinsa, yana jiran ranar da za ka sayar wa mutumin da ya fi kowa baki a Madarunfa.

Aikin da aka fara ba ni a harkar nan riƙon sanda ne. Ina aparanti, wato yaron mota, a tankar Maigida Tanko, wani dogon direba mutumin Ɗan Issa wanda bai yarda da kowa ba, har da agogon hannunsa. Mukan je depo, inda bututun mai yake ƙarewa cikin manyan tankuna, mu yi lodi mu kawo Maraɗi. Motar ba ta motsawa sai na hau samanta da doguwar sandar awo. Shi kuma ya matso wani ƙullu mai kama da man goge baki ya shafa a gindin sandar, in zura ta har ƙasa, in ɗan dakata, in zaro. In ƙullun ya fito yadda ya shiga, sai mu yi bisimilla mu kama hanya. In ya rine ya koma ja, to akwai ruwa a kwance, kuma inda jan ya tsaya nan ne zurfinsa. Ranar da sanda ta fito ja, duk depo sai an san Tanko ya zo.

Ni a lokacin gani nake wahalar da ni kawai yake yi. Wata rana muna cin tuwo a gindin mota na tambaye shi, man da ya taho cikin ƙarfe, a rufe, a binne cikin ƙasa, ta ina ruwa zai same shi? Ya cinye tuwonsa, ya wanke hannu, ya ɗauko wani farin tiyo da ake ganin cikinsa, ya shimfiɗa shi bisa duwatsu, nan ya hau, can ya sauka. Ya ɗura masa man gazuwal, ya bi da ɗan ruwa. Ina kallo ruwan ya gangara ya taru a kowane kwari, man ya hau kansa. Ya ce haka bututu yake, ba a miƙe yake tafiya ba, yana hawa tudu yana faɗawa kwari, kuma kowane kwari masaukin ruwa ne. Sannan ya ce in riƙe ɗaya bakin in leƙa. Ya hura a hankali, man ya zo yana tsiyaya tas, ruwan bai motsa ba. Ya ce in ƙara matsowa, ban gani da kyau ba. Na matso. Ya cika kumatu ya hura iya ƙarfinsa.

Da na gama share fuska da tofar da yawu, ya ce, "To ka gani. In anka tura mai sannu, ruwa shina kwance abinai. Ran da anka ƙara ma injin wuta, duk wanda ya taru sai shi taso gaba ɗaya. Wanda ke kan layi rannan, shi ke kwasa."

Tun daga ranar na daina yi masa tambaya ina tsaye kusa. Amma a hankali, tsakanin ranƙwashi da zagi, na tattara sauran karatun. Wani ruwan tun daga matatar mai yake tahowa, a narke cikin man lokacin da yake da ɗumi, sai ya shiga ƙasa mai sanyi sannan ya ware kansa. Wani kuma saura ne, domin in an gyara bututu da ruwa ake gwada shi a ga ko yana yoyo, kuma da wuya a kwashe shi ƙaf. In man ya isa depo, ƙa'ida ita ce a bar shi ya huta a tanki, ruwan ya kwanta, a buɗe famfon ƙasa a zubar. To amma direbobi suna waje suna ta danna oda, kowa matarsa na jiransa, sai wani lokaci a fara lodi tanki bai gama hutawa ba. In ka tsira daga wannan, ga murfin tankarka da robarsa ta mutu, ga hadari ya tare ka a hanya. In ka tsira kuma, ga tankin gidan mai da ke binne, tsatsa ta ci gindinsa, damina ta yi, ruwan ƙasa ya taso. Mu da muke zaune bakin tafki, ka ɗan haƙa rami ka ga danshi, wannan ba sai an ba mu labari ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da ya ce ƙarfe yana numfashi. Ya sa na kara kunne a jikin ganga da tsakar rana, na ji tana huci ta gefen murfi. Rana ta dafa ta, iskar ciki ta kumbura tana neman hanya. Ya ce in ta huce, abin da ta fitar sai ta ja madadinsa, kuma ba ta zaɓe. In iska ta samu, iska za ta ja da raɓarta. In ruwa ta samu kwance a kanta, shi za ta zuƙe, ko da kuwa ka ɗaure murfin da ƙarfin ƙato. Shi ya sa da damina ba a barin ganga a tsaye. Kanta faranti ne mai baki, ruwan sama ya sauka ya zauna. Sai a kwantar da ita, ko a sa mata dutse a gindi ta karkace.

Da na yi aure, matata Rakiya ta ce ita ba mota ta aura ba. Na sauka daga tanka na kafa teburina nan bakin tasha. Kayan aikina ba su da yawa, kuma har yau su ne: mazurari, tiyo, sanda da ƙullunta, sai farar kwalbar can da ba na sayar da komai a cikinta. Ita ce alƙalina. Duk man da ya shigo hannuna sai na zuƙo na can ƙasa na zuba mata, na ɗaga ta ga rana. In akwai ruwa za ka gan shi a gindi, a dunƙule, yana mirginawa gefe zuwa gefe, ya ƙi haɗuwa da kowa.

Masu saye kuwa na ga iri-iri. Wani ɗan kabu-kabu ya taɓa turo motonsa tun daga bakin tafki, yana zufa yana zagina, wai na zuba masa ruwa. Na duba moton sai sheƙi yake, har sirdin yana ɗiga. Na tambaye shi inda ya wanke shi. Ya ce cikin tafki mana, ina kuma. Na ce har ina ruwan ya kai? Ya nuna ƙugunsa, sannan ya dubi tankin moton. Na ba shi kujera ya huta, don turin da ya sha ya ishe shi hukunci.

Amma ƙashin bayan cinikina masu lambu ne. Su ba sa shinshina kwalba, ba sa yawan surutu, sai dai injin ban ruwa shi ne ransu. Zogale da albasa da tattasai ba su san uzuri ba. In inji ya tsaya da bazara, kafin ka gama neman makaniki ganye ya sunkuyar da kai.

Shekarar da nake son ba ku labari, bazara ta zo da zafin da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Masu lambu suna ban ruwa safe da yamma, suka fara ƙorafin cewa tasha ta yi musu nisa. Sai surukina Baba Nomau, mahaifin Rakiya, ya aiko a gaya mini in kai ganguna bayan gidansa, tunda gidan nasa ne na ƙarshe kafin lambuna, kan hanyar Gabi. Ku ba ku riske shi ba. Ɗan ƙaramin tsoho ne mai ciwon gwiwa, wanda a zamaninsa in an ce albasar Nomau ce, mai saye ba ya ko latsawa. Ƴaƴansa sun karɓe lambun don ya huta, amma hannunsa bai ji sanarwar ba. Randarsa kullum a naɗe take da jiƙaƙƙen buhu, ragonsa ya fi wasu mutane wanka, ƙofar gidansa a yayyafe. Tsakanina da shi kuwa sai kunya. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaida ƙasa, shi kuma ya amsa wa bango. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai yaron nan.

Na kai gangunan na jera a fili, a tsaye, domin rabon sama da gajimare an daɗe. Kullum da hantsi in je in auna wa masu lambu, in ɗaure murafe, in dawo tasha. Ciniki ya buɗe har na fara tunanin sayen sabuwar hula.

Sai injuna suka fara tari. Da fari na mutum ɗaya, aka ce tsufa ne. Sannan na maƙwabcinsa. Sannan na Illa, shugaban masu lambu, mutumin da in ya yi raɗa a lambu ana ji a kasuwa. Makaniki ya kwance masa karburato ya juye a tafin hannunsa, ruwa ne zalla. Illa bai tsaya wanke ƙafa ba. Ya zubo abin a kwalba ya taho tasha, ya tsaya gaban teburin nan ya ɗaga ta sama, ya tambayi jama'a ko akwai mai jin ƙishirwa, Habu ya fara sayar da ruwan sha.

Kafin magariba na sami sabon suna, Habu Mai Algus. Ƴan kabu-kabu suka riƙa wuce ni suna kallon sama kamar masu neman wata. Mai injin niƙa da ta shekara tana saye a wurina ta koma tsallaken titi. A masallaci na ga wanda ke gefena ya ɗan ja rigarsa. Wannan ya yi mini zafi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Mai ɗin kowa iri ɗaya ne, daga bututu ɗaya ya fito, kwalba ma iri ɗaya ce. Abin da ake saye a wurinka sunanka ne, kuma nawa yana narkewa ina kallo.

Na bi sawun ruwan kamar yadda Tanko ya koya mini. Na tare tankar da ke kawo mini, na hau da sanda, ta fito fes. Na gwada na tebur, fes. Na je bayan gidan Baba na zura a ganga, sanda ta fito ja kamar an yanka kaza. Na tsiyaye ruwan duka, na tace man, na ɗaure. Bayan ƴan kwanaki ja ya dawo. Na ce to ɓarawo ne, yana zuƙe mai yana cike gurbin da ruwa. Na shafa wa murafen toka da man shanu yadda ko ƙuda ya taɓa zan gani. Na dawo na tarar da tokar tana nan a gefen murfi, ta dai ɗan wanke, amma ba alamar yatsa, kuma mai bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Ɓarawon da ke ƙara maka kaya, ni ban taɓa jin irinsa ba.

Maganar ɓarawo ta kai kunnen Baba Nomau, ransa ya ɓaci. Ya aiko Rakiya ta gaya mini babu mahaluƙin da ke kusantar gangunan nan, shi da kansa yake kula da su, fiye ma da yadda yake kula da ragonsa. A ƙofar masallaci kuma ya buga sanda ya ce duk wanda ya kira yaron nan mai algus, to ya haɗa da shi. Na ji daɗin wannan har cikin raina, na ce Allah Ya bar mini tsohon nan.

Illa ya yanke magana. Ranar Juma'a bayan an sauko, a taru gindin tsamiyar lambu, liman ya zo da Alƙur'ani. In rantse ban zuba ruwa ba, kuma ban san wanda ya zuba ba. In na ƙi, babu mai lambun da zai ƙara sayen ko ɗigo a hannuna, kuma za su aika wa mutanen Gabi da na garin Sarkin Yamma su san da wa suke ciniki. Na ce na yarda. Hankalina kwance, tunda gaskiyata ce zan rantse a kai.

Ranar Alhamis da hantsi na sunkuya zan ɗauki tiyo, sai idona ya faɗa kan ciyawa. Kore shar, sabuwa, ta kewaye gindin kowace ganga. A wannan bazarar da ko akuya ta manta kalar ganye. Na tura yatsa cikin ƙasar na ji sanyi. Na miƙe na dubi kan gangar, ga wani farin zobe kewaye, irin wanda ruwan rijiya ke bari in ya bushe a kwano. Na koma tasha, da aka yi azahar na rufe tebur na zagayo ta baya, na tsuguna bayan dangar kara ina leƙe.

Ban daɗe ba sai ga Baba Nomau ya fito yana ɗingishi, bokiti a kowane hannu, jiƙaƙƙun buhuna a kafaɗa. Ya ajiye, ya taɓa ganga ta farko, ya fizge hannu don zafi. Na ji ya ce, "Sannu, sannu. Kun sha rana." Ya ɗaga bokiti ya kwarara mata a ka, a hankali, yadda ake yi wa dashen albasa, har farantin ya cika ya tumbatsa. Ya lulluɓe ta da buhu. Ya koma rijiya, ya dawo, ya bi ta biyu. Can gangar farko ta yi ɓum, ƙarfen ya lotsa ciki don sanyi. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa," kamar wanda jariri ya yi wa gyatsa. Kafin la'asar ya kwashe buhunansa kada awaki su tauna, rana ta lashe sauran, shi ya sa kullum da hantsi nake tarar da komai a bushe.

Dariya ta taso mini har sai da na ciji hannun riga. Ba ta kai ga fita ba na tuna da rantsuwar gobe. Jiya ina iya rantsuwa ban san wanda ya zuba ba. Yau na sani. Kuma da wane baki zan tsaya gaban surukina in ce, Baba, kai ne ɓarawon?

Na gaya wa Rakiya. Ta yi dariya har ta zauna dirshan a ƙasa tana riƙe ciki, tana cewa dama ya taɓa faɗa mata yana jin gangunan suna kuka da rana, yana tsoron kada su fashe dukiyar yaron nan ta ƙone. Can dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Malam, in ka hwaɗi sunan Baba gaban mutane, ba shi ƙara fita ko masallaci." Na ce to ita ta je ta gaya masa a ɗaka. Ta ce gara in ce ta shiga rijiya. A gefenta akwai tukunyar zoɓon da ta dafa na Juma'a, ja wur, yana hucewa. Na daɗe ina kallonsa, sannan na ce ta ɗebar mini bokiti guda kada ta sa sukari, ta ajiye shi gindin randa ya yi sanyi.

Dabarata ita ce in ɗora laifin a kan ganga. Ita ba ta da suruki, ba ta zuwa masallaci. Abin da zai biyo bayan nan kuwa ban tsara ba, na dai bar wa Allah.

Ranar Juma'a tun da safe na gangara da ganga ɗaya kusa da tsamiya, na zuba mata sabon mai rabi, na bar ta a rana ta dahu. Da aka sauko jama'a suka taru, har da waɗanda ko tukunyar fulawa ba su taɓa shukawa ba. Dattawa a gaba kan tabarma, Baba Nomau a tsakiyarsu da sandarsa, yana harare-harare, ya zo kare yaronsa. Na roƙi liman ya ɗan dakata. Na ba Illa sanda ya zura da hannunsa, ta fito fes. Na zuƙo na ƙasa a farar kwalba, fes. Na ce ya ɗaure murfin iya ƙarfinsa. Ya ɗaure har jijiyar wuyansa ta fito. Sannan na ɗauko bokitin zoɓo na kwarara a kan gangar har farantin ya cika.

Illa ya ce, "Habu, rantsuwa munka zo ji, ba walima ba."

Aka yi dariya, ni dai na ce a ba ni ɗan lokaci. Na riƙa yayyafa sauran a jikinta. Can sai ta yi ɓum, wani dattijo ya zabura har carbinsa ya faɗi. Na nuna musu gefen murfi, inda zoɓon ya fara ja da baya a hankali kamar ana tsotsa. Muka jira, na ƙara, ta ƙara sha. Da na ga ya isa na share kan gangar tas, na ce Illa ya kwance da kansa. Na zura tiyo har ƙasa, na zuƙo, na zuba a kwalba na ɗaga ta ga rana. Mai a sama, garau. A gindi kuwa ga zoɓon Rakiya kwance, ja wur.

Na gaya musu abin da Tanko ya gaya mini, cewa ƙarfe in ya yi zafi yana huci, in ya huce yana ja, kuma duk abin da ya tarar a kansa shi zai zuƙe ba tare da an kwance murfi ba. Ban dubi wajen dattawa ba. Amma ta wutsiyar ido na ga sandar Baba da ke ta bubbuga ƙasa tun ɗazu ta tsaya cak.

Illa yana da baki, amma ba wawa ba ne. Ya juya kwalbar, ya sosa ƙeya, ya ce, "To mun gani, ganga na sha. Amma rabonmu da ruwan sama tun kaka. Wa ke ba ta?" Ya waiwaya wajen liman, liman ya gyara riƙon Littafi.

Na durƙusa. Rantsuwar ƙarya ba zan yi ba, sunan kuma ba zan faɗa ba, saboda haka abin da ya rage shi ne in ce su bar laifin a kaina, in tattara mazurarina in nemi wata sana'a. Har na buɗe baki, sai na ji sanda ta daki ƙasa.

"Liman, mai da Littahin ga," in ji Baba Nomau. Ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya miƙe. "Ni ke ba ta. Kullum bayan azahar. Na ji su suna kuka cikin rana, na ce kada dukiyar yaron ga ta ƙone. Shekaruna duka ina ban ruwa, ba wanda ya taɓa hwaɗa mani ƙarhe na jin ƙishirwa."

Da farko ba wanda ya motsa. Sai wani daga baya ya kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce masa, daga nan wuri ya ɓarke. Illa ya yi dariya har hularsa ta faɗa cikin bokitin zoɓo. Tsohon yana tsaye bai ko murmusa ba, ya bari suka gama. Sannan ya juyo ya dube ni a fuska, abin da bai taɓa yi ba tun ranar da aka kai gaisuwar Rakiya. Ya tambaye ni yaushe na sani. Na gaya wa ƙasa cewa jiya. Ya ce, "Kuma da shiru za ka yi?" Ya juya ga jama'a ya nuna ni da sanda, ya ce, "To ga mai algus ɗinku nan." Ya ɗauki takalmansa ya kama hanyar gida yana ɗingishi, aka dare aka ba shi hanya.

Washegari na bi lambu-lambu ina wanke karburato, ni da makaniki. A lambun Illa na tarar da Baba ya riga ni, da bokitansa, yana ba zogalen ruwa da hannu kafin injin ya tashi. Illa yana binsa yana roƙo ya bari, shi kuma kamar da bango ake. Da yamma kuwa sai ga Illa a tasha, ya rage murya iyakar yadda Allah Ya hore masa, wato ana ji a tsallaken titi, yana tambayata wai wani abokinsa ne ke lulluɓe bidon mansa, wato jarka, da jiƙaƙƙen buhu, ko shi ma akwai matsala. Na ce ya gaida abokin nasa, ya ce masa ya bari. A makon nan sai da masu lambu da dama suka zo mini da tambayar abokansu.

Sunan Mai Algus a gindin tsamiyar nan ya mutu, ko kwana bai ƙara ba. Amma jama'a ba sa tashi daga taro hannu wofi. Daga ranar Baba Nomau ya zama Mai Shayar da Ganga. A kasuwa haka, a wurin suna haka, har yara. Rakiya ta yi zaton zai kulle kansa a ɗaka, sai ga shi a sahun gaba kamar kullum, in an kira shi da sunan ya ɗaga hannu ya amsa. Albasar Nomau da ya yi rayuwarsa yana gina mata suna, aka manta da ita. Ranar da Allah Ya karɓi abinsa, mutanen Gabi suka tambaya jana'izar wa ake yi, aka ce ta Nomau, suka ce wane Nomau. Sai da aka ce Mai Shayar da Ganga suka yi salati suka sauko daga amalanke.

Ni ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba sai yau, kuma ina jin nauyinsa. Kuna gani mutum ya tsaya a teburin nan, a zuba masa, ya tafi bai ko ɗaga kwalba ya duba ba, ku ce sana'a ce mai sauƙi. Wannan yardar da kuke gani, da sunan wani tsoho aka saye ta, kuma ban taɓa samun bakin yi masa godiya ba, don kunya.

Saboda haka in na ce a sauke buta, a sauke. Mutum ɗaya na yarda ya ba gangata ruwa, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya.